Babban Yatsan Mijin Yayata

Mijin yayata akawu ne a ofishin albashi na barikin soja. Farar hula ne, amma ya fi sojojin iya ƙamewa. In kurtu ya zo tagarsa, ko kai ba ya ɗagawa: "Dawo gobe." In hafsa ya shigo kuwa, nan take zai miƙe ya goge masa kujera da hularsa. Tun yana saurayi shi ke sa wa manya hannu a takarda, wai kada su wahala da hawa bene.

Sai aka kawo kwamfutar da ta haɗa duk barikoki, aka ce kowane soja ya zo da kansa ya dangwala yatsa. Kurataye suka yi layi cikin rana. Gogan naka kuwa ya bi hafsoshi a waya yana washe baki: "Haba ranka ya daɗe, kai da layi? Ai ina nan." Ya rufe ƙofa, ya dangwala musu babban yatsansa ɗaya bayan ɗaya.

Ƙarshen wata albashin kowane kurtu ya shiga, na hafsoshi shiru. Kwamfuta ta ga manjo da kanar duk yatsansu guda, ta jefa su cikin sojojin bogi.

Ranar bincike kanar ya dube shi sama da ƙasa, ya ce bai taɓa ganinsa ba. Yanzu an kori gogan naka, yana gida, ya ishi yayata da labarin manyan da ya sani. A duk barikin nan, kwamfuta ce kaɗai ta gane shi.