Yatsan Toma Mai Fulawa

Shekara ashirin Toma yana sayar da shukar fulawa a Sabon Gari, kuma duk asibitinsa yatsa ɗaya ne. Rannan Alhaji Sale mai atamfa ya kira shi Fagge, wai fulawar ƙofar shagonsa ta yi ruwan ɗorawa, ga taki har ya yi mata yawa, lallai bakin mutane ne.

Toma ya luma yatsa a tukunyar fulawar, ya zaro shi da caɓi. Sai ya nemi benci ya zauna. Ana kiran Azahar, 'yan layin suka fito da butoci, kowa ya tsuguna yana alwala a kan tukunyar, kada ruwa ya tafi a banza.

"Alhaji," in ji Toma, "fulawar nan ta fi limaminku alwala. A sa ta azumin sati biyu."