Irin Geron Babana

Shekarar da rijiyar kasuwarmu ta ƙafe, a tsakiyar babban fari, wata mota ta shigo ƙauyenmu kusa da Tozai da buhunan sabon irin gero. Malamin gona ya tara magidanta a gindin tsamiya, ya ce duk wanda ya kawo irin gidansa za a musanya masa da sabo, a ƙara masa da dawar ci. Babana ya kai zangarniya guda don a gani. Malamin ya juya ta a hannu, ya faɗa wa abokin aikinsa wata kalmar Turanci, “unimproved”, suka yi murmushi. Ban san ma'anarta ba, amma na ga fuskar Baba, sai kalmar ta zauna mini a kunne. Baba ya karɓi abinsa ya ce, “Wanga iri kakana ya bar muna shi. Ba ni ba da shi.”

Damin irin namu yana rataye a cikin rumbu, rumbun kuwa ba komai sai shi. Aikina ne in hau kullum in duba ko ɓera ko gara sun taɓa shi. Inna tana jiƙa anza kwana da kwanaki har ɗacinta ya fita, mu ci da tafasa, gero yana lilo a bisa kanmu. Langa ma muka daina, don ƙafa ɗaya ba ta iya ɗaukar mu. Maƙwabta suka ce taurin kai ne. Inna ma ta faɗa, da hawaye. Baba dai ya ce, “Wanda ya ci iri ya ci baɗi.”

Yanzu da furfurata nake zuwa ajin yaƙi da jahilci a Isa. Kwanan baya malamarmu ta koya mana cewa “un” a farkon kalmar Turanci korewa take yi: “unhappy” marar farin ciki, “unable” wanda bai iya ba. Na ɗaga hannu na tambaye ta tsohuwar kalmata. Ta ce, “Baba, wanda ba a inganta ba ke nan.” Na ce, “To, abin da ba su yi masa ba suka faɗa. Abin da yake, ba su tambaya ba.”

Sabon irin ya yi wa maƙwabta kyau, ba na musu. Mu kuwa mun rasa awaki shida, da jaki, da tasoshin auren Inna, da yayana Sani da ya tafi ci-rani bai dawo ba. Irin Baba yana rumbuna har yau, kuma bana ma shi za ni shuka.