Raguwar Gaɓa

Yayana yatsu takwas gare shi. Duk wanda ya tambaye shi ina sauran biyun, sai ya ce ajiya ya bayar a masana'antar buhu, har yau bai samu sukunin komawa ya karɓa ba. Yana da shekara ashirin da biyu injin naɗe buhu ya ja hannun rigarsa ya haɗa da hannun, kafin a ruga a kashe wuta ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun tafi. Washegari shugaban sashensu ya zo duba ɓarna, ya shafa sarƙar da ke juya injin, ya yaba mata, wai ko gezau ba ta yi ba. Wannan yabon Yaya bai taɓa mantawa da shi ba. Ya kan ce sarƙar da ba ta san tsinkewa ba, ba ta da imani.

Da ya bar masana'antar sai ya kama wani ɗan siririn shago tsakanin mai faci da mai yanka gilashi, ya zama mai gyaran sarƙar inji. Shagon benci ɗaya ne, da taga ɗaya da ba ta buɗuwa, da sarƙoƙi rataye a ƙusoshin bango, kowacce da ƙyallen da aka ɗaura mata don a san mai ita. Shekara talatin da huɗu ya yi a ciki. Ni ne autan gidanmu, ya ba ni shekara goma sha huɗu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni koyon walda, da na ƙware kuma ya matsa mini wuri a bakin shagon na kafa injina.

Sarƙar inji gaɓoɓi ce. Kowace gaɓa kunci biyu ne na ƙarfe da ƙusoshin da suka ratsa su suka riƙe, haƙoran farantin injin kuma su dinga shiga tsakani suna ja. Duk sarƙar da ta shigo hannun Yaya, sai ya zaɓi gaɓa ɗaya ya fitar da ƙusarta ta ƙarfe, ya sa ta tagulla. Kafin ya sa, sai ya ɗauki magagari ya yi wa ƙusar tsaga a ƙugu. Zurfin tsagar nan shi ne sana'ar tasa duka. Sai ya je ya tsaya kusa da injin yana aiki, ya dafa jikinsa, ya tambayi abin da ake ba shi ya ci da yawan da ake loda masa. In ya dawo ya rataye gaɓar a azarar shago, ya dinga ɗaura mata buhunan yashi har ta balle, ya sake wata, har ya samu wadda za ta ja aikin yau da kullum amma ta karye da zarar injin ya cije a kan abin da ya fi ƙarfin abincinsa. Daga nan ya shafa mata jan fenti don a gane ta, ya bar wa mai injin ƙusa uku a gwangwanin madara.

Mutane suka sa mata suna raguwa. Mai faci ya kan ce Yaya ne kaɗai mutumin da ake kawo wa lafiyayye ya mayar da shi majinyaci. Yaya ya yi dariya, ya ɗaga hannunsa na hagu ya ce, "Ƙirga." Amsarsa ke nan ga kowa.

Ni dai ban taɓa son raguwar nan ba. Mai walda ne ni, abin da na haɗa ba na son in ji an ce ya rabu. Ina ganin masu kawo mana aiki suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, suna komawa wurin masu sayar da sarƙa a kwali, wadda za a ɗaura a manta da ita. Na yi magana har na gaji. In na matsa sai ya ce, "Auta, ƙusa ana sake ta." Ya ci gaba da gogarsa kamar da bango nake yi.

Babban mai kawo mana aiki shi ne mai gidan burodin bayan layinmu. Yana da injin murza kwaɓi, manyan gammayen ƙarfe biyu masu juyawa suna haɗiye kwaɓin suna fitar da shi, mutum na tsaye yana tura musu da hannu. Wanda ke tsayuwar wani magidanci ne da ake ce wa Dogo, mai 'ya'ya huɗu, mai yawan waƙa a bakin aiki duk da muryar ba ta da daɗi.

Shekarar da aka kwantar da Yaya asibiti aka yi masa aikin ido, mai gidan burodi ya samu kasuwa, ya ce a dinga loda wa injin ninkin abin da aka saba. Raguwa ta karye sau uku a mako ɗaya. Ranar ta ukun ya zo har bakin shago yana huci, sarƙar a hannunsa.

"Kai, auta, ka gaya wa yayanka haƙurina ya ƙare. Kwaɓi ya kumbura ya zube, tanda ta huce, ma'aikata na zaune suna kallona. In ta sake karyewa, wallahi kun gama ganin ƙafata a nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za ta sake ba."

Na fitar da ƙusar tagullar na jefa a aljihu, na yanko ƙarfe mai tauri na buga a gurbinta, na shafe kanta da jan fentin Yaya. Aikin bai kai minti goma ba. Har wani daɗi na ji, ina ganin na ceci shago, na kuma rufa wa yayana asiri.

Wata biyar ba ta karye ba. Mai gidan burodi ya dinga aiko mana da burodi mai zafi. Yaya, da sabon gilashinsa, ya ce, "Ka gani ko? Sun koyi loda daidai." Na ce haka ne.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, Yaya ya tafi duba wani injin yanka katako. Aka rugo aka kira ni, wai in zo da abin yanka ƙarfe. Na tarar an kashe injin, Dogo na durƙushe, hannunsa na dama a cikin gammayen har kusa da kafaɗa. Ba ya ihu. Kallona kawai yake yi yana cewa, "Yi a hankali, ɗan'uwa, yi a hankali." Na kwance gammayen aka zare shi aka tafi da shi. Kowa ya bi motar, aka bar ni ni kaɗai da injin, sarƙar na nan cif a kan haƙoranta.

Canjin farko zan iya cewa wauta ce. Abin da na yi a wannan lokacin ba shi da wani suna sai tsoro da rashin kunya. Na fitar da ƙusar ƙarfen, na ɗauko ta tagulla daga gwangwanin madara na mayar, na goga mata fentin da ya ɓare da giris don kada ta yi sabunta. Ƙusar ƙarfen kuma na cilla ta cikin kwata a hanyata ta komawa.

An yanke hannun Dogo. Da yamma Yaya ya je da kansa ya kwanto sarƙar, ya shimfiɗa ta a benci, ya zaro ƙusar ya daɗe yana juya ta a gaban taga. Tsagarsa ce, aikin hannunsa ne, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ya ce, "Auta, hannun mutum guda ta haɗiye ba ta ji ba." Ina tsaye a bayansa, na ce ƙaddara ce.

Wata uku ya yi yana rataye buhunan yashi. Kowace ƙusa ta karye daidai inda ya ce za ta karye, hakan kuma ya ƙara ruɗa shi, domin in bai san inda kuskuren yake ba, yana iya kasancewa a kowace sarƙa. Matarsa ta ce ya daina cin abincin kirki. Rannan ya ɗauki jakarsa ya bi duk inda ya taɓa ɗaura raguwa, gidan katako, wurin buga bulo, wurin matse mai, ya cire su ɗaya bayan ɗaya ya mayar da ƙusar ƙarfe. A kowane wuri magana ɗaya ya yi: kada kowa ya sake dogara da ita, gara mutum ya san babu abin da zai cece shi ya kiyaye hannunsa. Ni na goya shi a babur muka yi zagayen nan. Kwana shida muka yi, bakina bai buɗe ba.

Bayan haka ya zama mai gyaran sarƙa kamar kowa. Aiki ya dawo, mai faci ya rasa abin tsokana. Duk ƙarshen mako Yaya ya kan je ya zauna da Dogo a ɗan teburin da ya kafa yana sayar da sabulu da ashana, ya taya shi ɗaure leda.

Shekara huɗu na ɗauki maganar nan a cikina. Sai da ciwo ya taɓa wa Yaya ɓarin jiki, hannun dama ya daina riƙe magagari, sannan wata rana bayan azahar na same shi zaune a ƙofar ɗakinsa, na durƙusa na faɗa masa komai. Na yi zaton zai zage ni, na ma so ya zage ni. Sai fuskarsa ta saki, ya ce, "Ashe ba ta ci amana ba." Murnar ba ta daɗe ba. Na ga ya fara lanƙwasa yatsunsa na hagu, yana ƙirga waɗanda inji ya ci tun da ya cire raguwa.

"Na gidan katako, bara waccan. Da matar nan ta wurin matse mai. Da mai bulo." Yatsun suka ƙare. "Waɗannan ni na cire musu da hannuna."

"Yaya, nawa ne. Duka nawa ne."

"Ɗauko babur," in ji shi.

Na ɗaura shi a bayana da zani don kada ya faɗi, gwangwanin tsofaffin ƙusoshinsa a cinyarsa. Gidan burodi muka fara zuwa. A gaban mai gidan da ma'aikatansa na maimaita abin da na yi, ban rage komai ba. Mai gidan ya saurara har na gama, ya kalli Yaya da karkataccen bakinsa, ya ja ni gefe, amma ba nesa ba.

"Allah ya yi maka albarka, auta. Ba kowane ƙane ne zai ɗora wa kansa wannan don yayansa ya samu kwanciyar hankali ba. Amma ni na ga ƙusar da idona, ta tagulla ce. Kuma shi da bakinsa ya ce kada a yarda da ita. Ku je gida ya huta."

Haka aka yi mana a gidan katako, haka a wurin bulo. Dogo ma da na durƙusa a gaban teburinsa, dafa kaina ya yi da hannunsa na hagu ya ce in daina, abin da ya wuce ya wuce, shi bai riƙe Yaya da komai ba. Na rantse, na yi kuka, duk suka ɗauka kirki ne ya yi mini yawa. Babu inda aka bari muka ɗaura ko ɗaya.

Muka kama hanyar komawa har muka shigo layinmu. Na ji ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Auta, tsakaninka da Allah. Da gaske ka canja ta, ko tausayina kake ji?"

Na ce da gaske ne. Ya ce, "To, ina ƙusar?"

Ba ni da abin da zan nuna masa. Wata bakwai ya ƙara a duniya, kuma sau biyu ya sake yi mini tambayar nan.