Ruwan Shinkafa a Gonar Albasa

Yayana ne ya koya min rubuta manhaja, a zauren gidanmu na Ƙofar Marke, da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙugi. Shi ya haɗa wa manoman fadamar su kawu manhajar da ke tura wa kowa saƙo a waya idan layinsa na injin ban ruwa ya zo.

A kan tsarin gadon hali ya gina ta. Wato ya rubuta rukunin umarni guda, wanda ake kira aji, na shinkafa, da yawan ruwan da take sha, sauran shuke-shuke duk suka gaji halinta. Ni kuwa na ce a yi haɗi: a ware tsarin ban ruwa daban, kowace shuka a ɗaura mata wanda ya dace da ita.

"Ke, mi kis sani?" in ji shi. "Jiya-jiyan nan na koya miki kunna kwamfutar!"

Na ce za mu gani. Kullum sai mun yi wannan gardama, har sai inna ta daka mana tsawa.

Da damina zazzaɓi ya ɗauke shi. Allah ya jiƙansa.

Da rani manoman suka koma albasa. Ita albasa ruwa kaɗan take so, a kai a kai, amma a manhajar ɗiyar shinkafa ce, sai a bar ta da ƙishi sannan a malale ta. Kawu ya zo da wata a hannu, ganyenta duk ya yanƙwane.

"Ɗiyata, ki gyara muna, ko noman bana ya tashi a banza."

Na yi ta ƴan dabaru don kada in taɓa aikin yayana. Ina! Ko ina na gyara a ajin shinkafar, sai wani wuri ya ɓalle. Babu mafita sai in rushe. Wallahi na yi kuka. Kowane layi na san hannunsa, har injin ma a ciki "tsoho" ya raɗa masa, don yawan tarinsa.

Na goge, na sake gini da haɗi. Sunan tsoho kaɗai na bari.

Albasa ta farfaɗo. Ranar da kawu ya sauke mana buhu a zaure, na juya wajen tabarmar da yayana ke zama, bakina cike da "to, ka gani?" Na ci gardamar, amma babu wanda zan faɗa wa.