Bangon da Maigidana Ya Cika da Manoma

Me yake gani a jikin mai gumi da ba ya gani a jikin mai kwalliya? Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, har yau ban samu amsa ba. Ban yi karatu ba, maƙwabcina ma'aikacin gidan waya ke rubuta abin da nake faɗa, idan kuka ya bar ni.

Yana saurayi ya yi wa wani Bature mai auna ƙasa dakon kaya. Baturen yakan zana tsaunin Dogon Dutsi da kwarin da ke ƙarƙashinsa, ba mutum ko ɗaya, kamar annoba ta share ƙasar. Wannan ya tsaya masa a rai. Da ya dawo gida sai ya samu gawayi da farar ƙasa, ya zana tsaunin a bangon ɗakinmu, ya cika gindinsa da mutane: masu noman hatsi da doguwar hauya, Fulani a bakin rijiya, waɗanda aka kama aikin hanya da duwatsu a ka.

Ba ya zana wanda ya tsaya masa. Ranar da na ci ado na zauna a gabansa, dariya ya yi, ya kira ni da sunan garinmu. "'Yar Kiyeshe, wa ya san ki haka? Ɗauko taɓaryarki." Na yi fushi har yamma. Ina nan a bangon, ina daka, ɗankwali a karkace.

Yanzu bangon ya tsage. Ɗanmu ya dawo daga cirani, yana so ya rushe ɗakin kafin damina ya gina mai kwano. Ya ce, "Inna, zai faɗo miki." Gaskiyarsa. Na san uban ma da bai hana ba, da ya zauna yana zana maginan. Ni ce na kasa. Rabin mutanen bangon sun mutu, kuma babu inda suka rage a tsaye sai nan. Na roƙi a bar ni zuwa kaka.

Da kaka maigidan nawa ya tafi shi ma. Yana kwance a ƙofar ɗaki, ina shiƙar hatsi a tsakar gida. Na ji numfashinsa ya sauya, na ajiye ƙwarya zan taho. Ya ɗaga hannu.

"Kada ki tsaya," ya ce, "iskar za ta wuce."