Kantar da Mansuratu ta sauke

Mansuratu 'yar Zangon Kumasi ce. Ta zo Amurka a 2003, ta kama ɗaki a wani bene a Silver Spring, ta shiga aikin jinyar tsofaffi. Waɗanda ta yi wa wanka ta shafa wa mai ita ma ba ta san adadinsu ba, kuma yawancinsu ta manta fuskarsu. Guda ɗaya ce ta ƙi barinta har yau.

Sunan tsohuwar Fusae, mutuniyar Japan ce da ke zaune a Annandale. Wani sojan Amurka ya auro ta tun tana budurwa, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Constance, wadda ba ta leƙowa sai Lahadi. Tsohuwa ce mai tsabta kamar mage, kuma ba ta da hira sai ta garinsu, Izumo. Wai gari ne na bakin teku, da wurin bauta wanda ba wanda ya san ranar da aka fara gina shi. A ƙofarsa an rataye igiyar ciyawar shinkafa da mutum biyu ba sa iya rungumarta. A wata na goma, in ji ta, duk allolin ƙasar can suke taruwa, kuma in wasu garuruwa suna tafa hannu sau biyu wajen gaida allolin, mutanen Izumo huɗu suke yi. Mansuratu takan yi a'uzubillahi a zuci, a baki ta ce, da kiran da ake wa uwa a Kumasi, "To, Maame, sha shayinki kar ya huce."

A falon akwai wata kanta can sama kusa da rufi, a bisanta ɗan gidan bauta na katako, a ciki takardar da aka kawo daga Izumo. Kowace safiya Fusae takan taka ɗan tsani ta ajiye wa allolin shinkafa da gishiri da ruwa. Shekara hamsin ba ta yi fashi ba, sai a 2011 da ta faɗi ta karya ƙugu, aka dawo da gadonta falo.

Washegarin sallamarta daga asibiti ta nuna kantar ta ce, "Ki taimaka ki sa mini."

Mansuratu ta durƙusa gefen gadon. "Maame, kashinki ma zan kwashe ban ji komai ba. Wannan kam addinina bai yarda ba."

Tsohuwa ta sunkuyar da kai, ba ta ƙara tambaya ba. Amma kullum da safe idonta na kan kantar, kwanukan sun bushe, abinci kuma sai ta tsakura ta ture. Abin ya tsaya wa Mansuratu a rai. Mace ce mai son gyara, irin waɗanda ba sa ganin abu a karkace su wuce, sai dabara ta zo mata: tunda Maame ba ta iya hawa, a sauko mata da abin ta yi da hannunta. Da tsohuwa ta yi barcin rana, ta ɗauko sukurdireba ta kwance kantar, ta goge ta tsaf, ta ɗora kan wata 'yar guntuwar kujera a ƙarshen gado, daidai ƙafafu. Har murmushi take yi ita kaɗai, ashe garin neman gira za a rasa ido.

Fusae ta farka ta gani. Ba ta yi ihu ba. Ta yaye bargo ta fara jan jiki zuwa bakin gado, kai a gaba, da karyayyen ƙugunta, tana neman kai goshinta ƙasa. Mansuratu ta tare ta da ƙyar. Tsohuwa tana ta maimaita wata kalma ɗaya da Japananci.

Constance ce ta warware mata a waya. "Ba a ajiye ɗan gidan nan ƙasa da kan mutum, balle wajen ƙafa. Haƙuri take ba allolin."

Kafin la'asar kantar ta koma inda take. Amma Fusae ba ta sake ɗaga ido ta dubi wajen ba, Turanci ma ta daina. Kwana tara ta ƙara a duniya. Likita ya ce ciwon huhu ne, Constance ma ta ce wa Mansuratu kada ta ɗora wa kanta.

Mansuratu ba ta taɓa nadamar ƙin ɗora shinkafar ba, ko yau aka ce ta yi ba za ta yi ba. Abin da ke cin ta shi ne ita ce matar da ke tsawata wa 'ya'yanta in sun miƙe ƙafa wajen Alƙur'ani, amma bai zo mata a rai ba cewa ta tambaya kafin ta taɓa na wani. Yanzu tana Hyattsville, gwiwa ta sa ta rage aiki. Sau da yawa in ta sunkuya za ta yi sujada, kafin goshinta ya taɓa darduma, sai ta ga farin kan nan yana neman ƙasa, ita kuma tana riƙe da shi ta hana shi kaiwa.