Malamar da Ta Kai Hauwa Aji Huɗu

Kafin rana ta yi zafi Malama Safiyyah ta riga ta fito daga Gyaɗi-Gyaɗi a ƙafa, ta nufi ƙaramar sakandaren 'yan mata da ke Tarauni, inda take koyar da lissafi. Mu 'yan acaɓa duk mun san ta. In ka tsaya ka ce ta hau, sai ta ce ka je ka nemi abincinka, ita ƙafarta lafiya lau. In an tashi daga makaranta kuma ba gida take wucewa ba. Lungunan Darmanawa da Ƙauyen Alu take bi, duk gidan da ta ji an zaunar da ɗalibi ta yi sallama ta shiga. Ba wanda ya sa ta. A watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ɗauki biro, duk da ni tun daga aji biyu na bar makaranta.

Abin da take kai wa gidajen nan bayani ne. Yawancin iyayenmu daga ƙauye suka zo, ba su san yadda aka tsara boko ba. Sai ta zauna a tabarma ta warware musu: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Ta nuna musu inda hanya take rabuwa, mai son sana'ar hannu ya shiga teknikal, mai son koyarwa ya tafi kwalejin ilimi. Garba mai walda na Unguwa Uku ya sha faɗa cewa da ba ta je gidansu ba, da har yau mahaifinsa yana ɗaukar tura shi teknikal da aka yi a matsayin faɗuwa.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, ƙanwata Hauwa ta gama aji uku ta kawo takardarta. Babanmu, Malam Lawan, direban tifa ne, karatun allo ya yi. Yana ganin takarda da hatimi ya ce 'yarsa ta sauke boko. Ya yanka rago, aka toya waina, 'yan uwa suka zo daga ƙauye, liman ya yi addu'a. Ya sayo mata keken ɗinki, ya ce sai ta zauna ta kama sana'a.

Ba a jima ba sunan Hauwa ya fito cikin waɗanda aka ɗauka a makarantar kimiyya ta kwana, kuma wadda ba ta je da wuri ba za a ba wata gurbinta. Inna ta gaya wa Baba. Ya ce shi ba zai tara jama'a su ci su sha, sannan ya koma ya ce musu ashe ba a gama ba. Dama Audu mai shayi ya fara tsokanarsa a majalisa, wai ragon nan rabin karatu aka yanka wa, sai a bi mutane su dawo da rabin nama. Hauwa ta daina cin abinci. Ni kuwa da na buɗe baki, Baba ya ce wanda ya gudu daga aji ba shi da ta cewa.

Malama ta zo bayan la'asar, ta jira shi a zaure. Ba ta ambaci makaranta ba. Labarin saukarsa ta tambaye shi, wane malami, wace shekara, da abin da ya yi bayanta. Baba ya saki jiki, ya ce ai washegarin walima ya shiga littattafan fiƙihu.

Ta ce, "To Malam Lawan, da ka shiga littattafai, akwai wanda ya ce saukarka ba ta cika ba?"

Sai ta ɗora da cewa:

"Hauwa ta yi sauka, walimar da ka yi daidai ce. Yanzu littattafai za ta shiga."

Da safe Baba da kansa ya faɗi haka a majalisa, kamar shi ya gano. Ya ɗora akwatin Hauwa da katifarta a tifa, ya kai ta har ƙofar makaranta.

Malama, ke ce kika san ba boko Baba yake ƙi ba, kunya ce ta tare shi, kika buɗe masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa. Gishiri, ba a ganinki a miya sai ranar da aka rasa ki. Ni ba ki ci nasara a kaina ba tukuna, amma duk haɗuwarmu sai kin tuna min cewa jarrabawar sakandare da ake zanawa daga waje ba ta tambayar shekarun mutum. Ina ji, Malama.

Hauwa tana shekara ta biyu a jami'a, tana karanta harhaɗa magunguna. Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma da kuka san hanyar bokon nan, bana ma yara sun gama aji uku a unguwarmu, wasu an riga an zaunar da su. Malama ta gaji. Ku yi sallama ku shiga.